Gobarar Maraɗi da gaisuwar da muka kusa ƙin zuwa

Mu wasu matasa ne Kiristoci a nan cikin garin Maraɗi, majami'armu ɗaya, fadarmu ta shayi ma ɗaya. Duk shekara in watan Nuwamba ya kama, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai wata magana da ke dawo mana a bakin buta. Bana mun ce bari mu fito da ita fili, ko wani ya ƙaru. Wa'azi dai ba mu kai mu yi ba. Labari ne na wata gaisuwar mutuwa da muka kusa ƙin zuwa, da abin da muka gano a kanmu bayan mun je.

Bari mu fara da faɗin ko su wane ne mu, don wasu in an ce Kirista sai su ɗauka baƙo ne daga gabar teku. Akwai baƙin, kuma 'yan'uwanmu ne, amma mu da ke wannan magana Hausawa ne, Gobirawa da Katsinawa. Kakanninmu wasu a Tsibiri suka karɓi wannan bangaskiya, wasu a Danja wajen jinyar kuturta, wasu a Galmi inda asibitin mishan ke aiki tun 1950. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ma'anar wannan a rayuwar yau da kullum ita ce, a lakwal sau da yawa kai kaɗai ne a ajinku, a layinku gidanku ne kaɗai ake fita da kwalliya ranar Lahadi da safe, kuma rabin danginka Musulmi ne. Famfo ɗaya muke ɗiba da maƙwabta, mai nama ɗaya, mai gyaran babur ɗaya. Da sallar layya a aiko mana da nama har mu rasa wurin shanya, da Nowel mu aika da shinkafa da miya. Haka muka tashi muka tarar.

Amma mun tashi mun tarar da wani abu kuma, wato tsoron wuta.

A watan Janairu na 2015 yawancinmu ba mu wuce shekara goma sha biyar ba. Wata jarida a Paris ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, zanen da mu ba mu taɓa gani ba, ba mu kuma ji daɗin labarinsa ba. Ranar Juma'a 16 ga wata rikici ya tashi a Damagaram, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa. Washegari Asabar abin ya kai Yamai. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Muna tuna iyayenmu riƙe da waya har tsakar dare suna kiran dangi a Damagaram, waɗanda suka kwana a barikin soja da kayan jikinsu kawai. Muna kuma tuna cewa cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗaka. Duka biyun sun faru, duka biyun kuma mun ji su da kunnenmu. Sai dai zuciyar yaro ta fi riƙe na farkon.

Sannan a tsakiyar watan Yuni na 2019 abin ya zo garinmu. An kama wani limami saboda maganar da ya yi a kan wata doka ta tsara harkokin addini, matasa suka fito cikin dare suna ƙona tayu, kafin gari ya waye an ƙona wata majami'a a unguwar Zariya. Da aka saki limamin, shi da bakinsa ya yi kira a daina ƙone-ƙone. Gari ya lafa, kasuwa ta ci, kowa ya koma harkarsa. Mu dai wani abu bai koma daidai ba a cikinmu.

A layinmu akwai wani mai kabu-kabu, magidanci, ya girme mu da 'yan shekaru. Shi ke kai iyayenmu mata kasuwa, shi ke ɗauko mana buhun gero daga tasha. Washegarin wannan dare ɗaya daga cikinmu ya ce ya gan shi ya dawo wajen ƙarfe biyu tare da wasu samari, jikinsu na warin hayaƙin taya. Iyakar shaidar ke nan. Ba wanda ya gan shi a unguwar Zariya, ba wanda ya gan shi da ashana ko galan ɗin mai. Mai kabu-kabu kuwa ina ne ba ya ratsawa cikin dare? Amma mu a fada muka zauna muka yanke masa hukunci, ba lauya ba ɗaukaka ƙara. Muka daina hawa babur ɗinsa. In mun haɗu a bakin famfo, sai a ɗaga hannu daga nesa a wuce, ba ina kwana ba ya iyali. Shekara biyu da wata biyar muna haka, muna zuwa sujada kowace Lahadi muna rera waƙoƙin gafara.

Mutum ɗaya ce a gidansa ba ta san an yi wannan shari'a ba, ita ce ɗiyarsa. Muna koyon waƙa duk Asabar da yamma a gidan ɗaya daga cikinmu, gidan wata dattijuwa da duka muke kira Inna. Da yarinyar ta ji ganga sai ka ga ta leƙo ta zaure, yau ta tsaya bakin ƙofa, gobe ta matso, jibi tana zaune kan cinyar mai kiɗa tana buga masa gefen ganga da tafinta. Inna ta ba ta ƙuli-ƙuli, ta ɗaure mata ɗankwali in ya kwance, in magariba ta yi ta ce maza gida kar uwarki ta neme ki. A watan Oktoba na 2021 aka sa ta lakwal. Ta zo ta nuna mana allonta da jakar da ta kusa fin ta girma, ta tsaya ta ƙirga mana da Faransanci daga ɗaya zuwa goma, tana tsallake bakwai. Muka yi ta dariya, muka ce ta sake, ta sake tsallake bakwai ɗin.

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 labari ya zo daga wajen Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, cewa ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane. Aƙalla 18 suka mutu. Ba unguwar da ba ta da saurayin da ya tafi neman zinariya a wannan lokaci, don haka kowa na kan waya yana neman nasa. Da wannan jimami aka kwana.

Litinin 8 ga wata kowannenmu yana wajen neman abincinsa, wani a babbar kasuwa, wani a shagon ɗinki, biyu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Sai saƙonni suka fara shigowa a WhatsApp, wai wata lakwal ta kama wuta. Waɗanda ke kan titi a lokacin ba za su manta da abin da suka gani ba: mata na gudu ba mayafi, wasu ba takalmi, kowace na kiran sunan ɗanta. Azuzuwa uku na zana ne suka kama, yara na ciki ana darasi. Kafin dare hukuma ta sanar cewa yara aƙalla 25 sun rasu, masu shekara 5 zuwa 6, wasu kuma suna kwance da ƙuna mai tsanani. Aka ayyana zaman makoki na kwana uku a jihar Maraɗi. Yarinyar mai tsallake bakwai tana cikin waɗanda ba su dawo gida ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mana wuyar faɗi. A daren nan mun zauna a fada, an ɗora shayi ba mai sha. Can sai ɗaya daga cikinmu ya ce a hankali: "To, su ma yau sun ji yadda wuta take." Ba za mu faɗi ko wane ne ba, don ba wanda ya tsawata masa. Shiru muka yi, shirun da kowa ya san ma'anarsa. Maganar ta fito daga baki ɗaya, amma ta ratsa zuciya fiye da ɗaya. Da aka zo zancen zuwa gaisuwa da safe, wani ya ce yana da darasi, wani ya ce ai iyayenmu za su wakilce mu.

Muna cikin haka wani dattijon majami'armu ya biyo ta layin, tsoho ne da ya yi shekaru yana aikin jinya kafin ya huta. Ya zo ne ya ce mu shirya da sassafe mu raka shi. Da ya ga muna kallon ƙasa, ya jawo benci ya zauna, ya ce: "Ku ɗiyan nan, mi kunka ce? Ku maimaita in ji." Ba wanda ya iya maimaitawa, amma ya gane. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mu tuna abin da ke cikin Luka sura 13, inda aka yi zancen wata hasumiya a Siluwam da ta faɗo ta kashe mutane, mutane nawa? Muka ce goma sha takwas. Ya ce: "Kamar na Ɗan Isa jiya ke nan." Ya tuna mana cewa Yesu ya ƙi yarda a ce waɗanda ginin ya danne sun fi sauran mutanen gari laifi, ya juya maganar kan masu sauraronsa, kowa ya dubi kansa ya tuba. Sannan ya ce: "Ɗiya 'yar shekara biyar, mi ta yi muku? Ubanta ma, wa ya gane shi da ashana a hannu? Ko da kun gane shi, yau ranar tuna wannan ce? Ku tashi ku je ku kwanta. In kun ga dama gobe ku zo, in ba ku zo ba ni dai ina tahiya."

Da muka raka abokinmu gida muka tarar Inna ba ta nan. Ashe tun da rana, da ta ji labari, ta ja mayafinta ta ɗauki babbar tukunyarta ta shiga gidan mai kabu-kabu. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta buɗe littafi ba. Can ta kwana tare da uwar yarinyar.

Talata da safe muka je, mu shida, a bayan tsoho. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika layi. Muka cire takalma muka durƙusa. Duk wanda ya zo sai ka ji ya ce: "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce." Haka Musulmi ke cewa in ƙaramin yaro ya rasu, da fatan ya ceci iyayensa ranar lahira. Mu kuwa wannan kalma ta Mai Ceto suna ce da muke kiran Yesu da ita shi kaɗai, don haka bakinmu ya yi nauyi. Muka ce abin da za mu iya faɗi da zuciya ɗaya: "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sanyaya zuciya." Da malam ya ɗaga hannu ana addu'a, muka sunkuyar da kai muka yi tamu a zuci. Da aka shafa, amin ɗinmu ta fita tare da ta kowa. Ba wanda ya kalle mu a karkace.

Da muka miƙa wa uban hannu, ya riƙe hannun mai kiɗanmu bai saki ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma ba hawaye. Ya ce: "Ita ce mai zuwa gidanku buga ganga. Jiya da sahe ma tana wanka tana rera waƙarku, uwarta ta ce ta yi sauri kar ta makara." Ya yi shiru. Sannan ya ce: "Na gode da kunka zo. Na ɗauka ba ku zuwa."

Wannan magana ta fi mari zafi. Ashe duk wata ashirin da taran nan yana gani. Yana ganin muna tsayar da wani babur a gabansa, yana ganin gaisuwar nesa, kuma bai taɓa hana ɗiyarsa shiga gidan Inna ba.

Muka zauna har aka yi sadakar uku. Ba mu da abin faɗi, sai muka kama abin yi: ɗibar ruwa a bido, jera tabarmi, dafa shayi ga baƙin da suka zo daga ƙauye, kai tsofaffi tasha. Labarin Ayuba, wanda mu da Musulmi duka muka san haƙurinsa, ya dawo mana ta wata fuska. Abokansa uku da suka zo masa jaje sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba. Wannan zama shi ne alherin da suka yi masa. Ɓarnar ta fara ne ranar da suka buɗe baki suna neman bayyana masa dalilin da ya sa masifa ta same shi. Mu da muka yi saurin gano dalili a daren Litinin, mun ga kanmu a cikinsu sarai.

Kar wani ya ɗauka zuwa gaisuwa ya warware mana komai. Ranar Lahadin da ta biyo baya aka ɗauko waƙar da ke cewa Allah mai tsaro ne, ƙaramar cikinmu, wadda ta fi kowa murya, ta ajiye takarda ta fita waje. Ta yi makonni ba ta rera komai ba. Tambayarta ɗaya ce: ina Allah yake ranar Litinin, lokacin da yara ke neman ƙofa cikin hayaƙi? Ta kai wa fasto tambayar. Mun zaci zai jero mata ayoyi, sai ya ce mata shi ma tun Litinin yake yin wannan tambaya a gwiwoyinsa, bai samu amsar da zai iya kai wa uwar da ta rasa ɗa ba. Ya ce abin da ya riƙe shi ne, wanda muke bi ya tsaya bakin kabarin abokinsa ya zubar da hawaye, shi kansa kuma ya sha azaba har mutuwa, don haka ba daga nesa yake kallon kukan mutane ba. Wannan ya riƙe mu, amma bai rufe ciwon ba. Har yau akwai waƙar da in an ɗauko ta mai kiɗanmu ke sassauta hannu, don a nan ne yarinyar ke shigo da nata bugun.

A kwanakin makokin kalmar da muka fi ji ita ce ƙaddara. Musulmi su ce kwana ne ya ƙare, mu mu ce nufin Ubangiji ne. Ba mu raina wannan magana ba, don mun ga yadda ta tsayar da uban yarinyar da ƙafafunsa a ranar da ba abin da zai iya tsayar da shi. Wanda aka yi wa mutuwa yana da haƙƙin ya jingina da ita. Amma mu sauran da ke zaune kan tabarma, anya ba mu mai da ita bargon rufe sakacinmu ba? Hausawa sun ce gobara daga kogi maganinta Allah. To, wannan ba daga kogi ta zo ba. Ko daga ina tartsatsin ya fito, zana ce ta ba shi abinci, iska ta ba shi ƙafa.

Kuma an riga an yi mana gargaɗi. Wata bakwai kafin ta Maraɗi, ranar 13 ga Afrilu 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙanana. Mun ji a rediyo, mun ce Allah ya kyauta, mun ci gaba da shan shayi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, mu ko kofi ɗaya ba mu ɗebo ba.

Kowa a ƙasar nan ya san yadda ajin zana ke samuwa. Yara na ƙaruwa kowace shekara fiye da yadda ake gina azuzuwa. In an koma lakwal a watan Oktoba aka ga yara sun fi ɗakuna yawa, sai a jira a gama girbi, a samo karan gero da zanar gamba da 'yan itatuwa, iyaye da direkta su kafa rumfa. Sau da yawa rumfunan manne suke da juna, ƙofa ɗaya ƙarama, yara zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. Ƙananan yara aka fi sawa a ciki, manya su samu ɗakin siminti. Daga Nuwamba zuwa Mayu zanar na ƙara bushewa, hunturu ya busa ta, bazara ta gasa ta, har damina ta zo ta rushe ta, badi a sake. A wancan lokaci hukumomi da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Bayan gobarar Maraɗi majalisar ministoci ta hana sa yara 'yan share fage a ajin zana. Doka ce mai kyau, sai dai doka ba ta zama bulo da kanta. Ba siyasa muke yi ba, gwamnatoci sun zo sun tafi, wanda duk ya zagaya ƙauyukanmu da gefen garuruwanmu ya san zana ba ta ƙare ba.

Mun yi kwanaki a fada muna zagin sakacin manya, har ranar da tsohon nan ya sake biyowa. Ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce: "Kun yi gaskiya. To, yaran makarantar Lahadi, a ina suke zama?"

Ba wanda ya amsa, don kowa ya sani. A bayan majami'armu akwai rumfar da mu da hannunmu muka kafa, ta zana, inda yara wajen arba'in ke zama duk Lahadi lokacin da manya ke sujada. Ƙofarta ɗaya. Taku biyar tsakaninta da murhun da matan zumunta ke girki ranar biki. Wayar lantarki da muka jawo don fanka ta bi ta cikin zanar, an naɗe mahaɗinta da leda. Shekara huɗu ƙannenmu na zama a ciki. Mu da muka tashi da tsoron kar wani ya zo daga waje ya ƙona mana majami'a, ashe mun tara wa 'ya'yanmu makamashi da kanmu muna jiran ashana.

Tsoho ya ce mu duba Maimaitawar Shari'a sura 22. A can akwai doka ga wanda ya gina sabon gida, cewa ya yi wa rufin katanga kewaye, irin abin da maginanmu ke kira rawani, don kar wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ya ce: "Kun gani? Wanda ya ce a dogara gare shi, shi ne ya ce a ja rawani. Bai ce a bar soro haka nan ba, wai in kwana ya ƙare mutum ya faɗo." Wani maƙwabcinmu Musulmi da ke zaune tare da mu ya yi dariya ya ce su ma haka malamansu ke koyarwa, a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Ashe a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. A wajen aikatawa ne duka muka yi barci.

Asabar ɗin nan muka kwance rumfar. Yara suka koma gindin bedi, in iska ta yi yawa a shigo da su cikin majami'a su zauna gaba. Muka buɗe baiko na musamman, mai dala ɗari ya kawo, mai jaka ya kawo, matan zumunta suka yi adashi, masu ƙarfi suka buga bulo ranakun hutu. Ya ɗauke mu fiye da shekara. Ɗakin da muka samu ba wani abin nunawa ba ne, ko shafe ba a gama ba, amma rufin kwano ne, ƙofa biyu masu buɗewa waje, da bokitin yashi a kowane gefe. Duk wata uku malamar yara kan tafa hannu ba zato, su tashi su fita a layi, rabi ta nan rabi ta can. Su wasa suka ɗauke shi, suna dariya. Mu in muna kallo ba ma dariya.

Shi ya sa muke roƙon duk mai karanta wannan, Musulmi ko Kirista, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ko ƙauye: cikin makon nan ka taka da ƙafarka ka je ka ga inda ɗanka ke zama. Zuwa da kai ya fi aike. Lakwal ce, makarantar allo ce, islamiyya ce, makarantar Lahadi ce, duk ɗaya. Ka ƙirga ƙofofi. Ka duba wuta mafi kusa, ko ta mai ƙosai ce a bakin katanga, ko bolar da ake ƙonawa, ko wayar lantarki da ta tsufa. In rumfunan zana ne manne da juna, ku yi magana a kwamitin iyaye a raba tsakaninsu, a buɗe wa kowace ƙofa ta biyu, a matso da ƙananan yara ɗakin gini manya su koma rumfa, don babba ya fi iya gudu. A ajiye yashi da ruwa kusa. A roƙi mushe ko madam su koya wa yara yadda za su fita. A sa lambar 'yan kashe gobara, 18, a waya. Yawancin wannan ba ya cin ko dala, kuma ba ya hana a ci gaba da neman hukuma ta gina azuzuwa, don haƙƙin yara ne.

Mai kabu-kabu kuwa yana nan a layinmu. Mun koma hawa babur ɗinsa. Yana karɓar kuɗinsa cif, wani lokaci har mu yi musu a kan canji. Zancen daren Yuni na 2019 ba mu taɓa tambayarsa ba, ba kuma za mu tambaya ba. Wata rana dai abokinmu da ya ce ya gan shi ya tsayar da shi a bakin famfo ya ce: "Yaya, mun yi maka laifi, ka yafe mana." Ya dube shi ya ce: "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Hau in sauke ka, rana na yi." Iyakar abin da aka ce ke nan.

Daga baya matarsa ta haihu, mace kuma. Inna ce ta kwana tana girkin suna. Yarinyar ta yi ƙafa yanzu, in ta ji ganga ranar Asabar sai ka ga ta leƙo ta zaure. Uban ya ce ranar da za a sa ta lakwal shi da kansa zai je ya ga ajin kafin ya rubuta sunanta, mun ce masa ya biyo mana mu tafi tare.

Allah ya ba iyayen yaran Maraɗi da na Yamai haƙuri, da iyalan waɗanda rami ya rufta da su a Ɗan Isa. Allah ya ba waɗanda suka tsira da tabon ƙuna lafiya. Allah ya tsare mana yaranmu a wannan hunturu, ya kuma ba mu zuciyar tashi mu yi namu.